Yadda Ake Fara Wasan Yoyo Ba Tare da Zare Ya Cukurkuɗe Ba

Yaran Hausawa da suka tashi a Makka da Jidda sun san yoyo, abin wasa mai faifai biyu da ke sauka da hawa a kan zare, musamman na roba mai ƙyalƙyalin fitila da ake saye a baƙala, wato ƙaramin kantin unguwa, ko a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalen. Yawancinsa kwana biyu ne ya watse. Asalin kasuwar abin ta zamani daga Amurka take, inda Pedro Flores, ɗan ƙasar Filifin, ya buɗe masana'antarsa a 1928, daga baya ɗan kasuwa Donald Duncan ya saye ta. Mai son koya yau ya nemi na roba mai ƙwari, mai boris a tsaka, nauyin giram 60 zuwa 67, wanda ke dawowa hannu da an ɗan fizge shi. Na ƙarfe mai faɗin baki sai an iya naɗe shi da dabara, don haka a bar shi tukuna.

Zaren da ke zuwa a kwali ya cika tsawo. Ajiye yoyon a ƙasa tsakanin ƙafafunka, ja zaren zuwa yatsa uku sama da cibiya, ƙulla hanci a nan, yanke ragowar. Tura zaren ta cikin hancin ya zama zarge, ka sa a yatsan tsakiya, tsakanin gaɓar farko da ta biyu. In ka kai shi gindin yatsa, hannu ba zai ji motsinsa ba.

Sai jifa, kuma nan ake shan wuya. Tafin hannu sama, zaren ya taso daga yatsa ya bi ta saman yoyon, ba ta ƙasa ba. Lanƙwasa hannu kamar mai nuna ƙwanji, ka sake shi da wuyan hannu, miƙe gaba. In ya yi daidai, zai tsaya a ƙarshen zare yana juyi, shi ne ake cewa ya yi barci. Kife tafin, ka ɗan fizga kaɗan, zai hau. In ya karkata gefe yana gogar zare, hannunka ne ya murɗe wajen saki, ba laifin yoyon ba ne. In kuwa ya ƙi barci yana ta komowa, zaren ya yi tauri. Mai hannun dama kullum ƙara murɗe shi yake yi da kowace jifa. Sake yoyon ya yi lilo ya warware da kansa.

Zaren foliyesta ya fi na auduga jure gumi, abin da ba a rabuwa da shi a Jidda. Da ya yi baƙi ko ya fara gashi, canza shi kafin ya tsinke a kan talabijin ɗin gida.

Ƙura kuma ita ke kashe boris. Ka ji yana ƙara kamar ana niƙa yashi? Kwance ɓangarorin biyu, cire shi, jiƙa a sifirit na minti biyar, bari ya bushe sarai, sannan ka ɗiga man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya tak. Wajen mayar da ɓangarorin, da murɗin ya tsaya ka tsaya. Matsewa da ƙarfi ke cinye haƙoran sandar tsakiya. Kada a bar yoyon cikin mota da rana, zafi na ɗaga robar da ke kama zare. Shi kuma wasan nan na sa shi ya yi gudu a ƙasa, a kan kafet ake yi, tayil na kankare masa baki.