Yadda nake gane wanda ake ƙara a takardun kotu na Turanci

A shekarun da na yi ina fassara labaran kotu, ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na rubuta cewa wanda ake tuhuma ya roƙi alƙalai su yi watsi da ƙara ba. Takardar ta ce respondent, ni kuwa na ɗauka ɓarawon ake nufi. Ashe lauyan gwamnati ne ke magana, ɓarawon shi ne ya ɗaukaka ƙarar. Editana bai ce min uffan ba. Ya zagaye kalmar da jan biro, ya turo min takardar, ya ci gaba da shan shayinsa.

Tun daga ranar, kafin in taɓa kowace kalma sai na tambayi kaina: wace irin shari'a ce, kuma a wane mataki take? Turancin kotu yana sauya wa mutum ɗaya suna kamar yadda ake sauya riga.

Ka fara da shari'ar laifi. Muddin mutum yana hannun 'yan sanda ana bincike, suspect ne, wato wanda ake zargi. Da zarar an gurfanar da shi an karanta masa tuhuma, ya zama accused ko defendant, wanda ake tuhuma. Sai alƙali ya same shi da laifi sannan a kira shi convict. Kada ka yi gaggawar rubuta "mai laifi" kafin a kai nan, ko da an kama shi dumu-dumu da kaya a hannu. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta zaɓi defendant a wurin da tsofaffin dokoki ke cewa accused. A ganina an kyauta, domin kalmar ta fi nuna mutumin da ya zo kare kansa.

Sai dai a nan ne tarkon yake. Defendant ba a shari'ar laifi kaɗai ake amfani da ita ba. Wanda aka kai ƙara kan bashi ko rikicin fili shi ma defendant ne, alhali ba wanda ya tuhume shi da komai. Shi "wanda ake ƙara" za ka ce. Hanya mafi sauƙi ta rabewa ita ce ka duba wanda ke ɗaya ɓangaren. In ka ga plaintiff ko claimant, to mai ƙara ne na kashin kansa, ba batun laifi ba ne. Ingila ta yar da plaintiff ta koma claimant tun watan Afrilun 1999, Amurka kuwa har gobe plaintiff take cewa. In kuwa ka ga hukuma ce a gaba, to sau da yawa shari'ar laifi ce. A Ingila harafin R kawai za ka gani, wanda ke nufin Rex ko Regina, sarki ko sarauniya da Latin. A jihohin Kalifoniya da New York na Amurka ana rubuta People a madadin hukuma, a jihar Pensilbaniya kuma Commonwealth.

Yanzu ga inda na zame. Idan aka ɗaukaka ƙara, tsofaffin sunaye sun faɗi. Wanda bai gamsu da hukunci ba ya zama appellant, mai ɗaukaka ƙara, abokin shari'arsa kuma respondent, ko appellee a kotunan Amurka da dama. Ba ruwan waɗannan kalmomi da wanda ya fara kai wani kotu. Ka ɗauki shari'ar Miranda da Arizona ta 1966. Sunan Ernesto Miranda ne a gaba, sai ka zata shi ya kai jihar ƙara tun farko. Ina! Shi aka tuhuma, aka ɗaure, sannan ya garzaya Kotun Ƙolin Amurka. Saboda haka kada ka dogara da jerin sunayen da ke saman takarda. Ni sai na karanta shafin farko na hukuncin, inda alƙali ke ba da tarihin shari'ar, na rubuta a gefe da fensir: wane ne aka fara ƙara, wane ne ya ɗaukaka.

Respondent tana fitowa kuma a ƙarar zaɓe da ta rabuwar aure, inda mai shigar da koke ke zama petitioner. Idan waɗanda ake ƙara suna da yawa za ka ga an jera su, na ɗaya, na biyu, na uku. Ka riƙe lambar kowa, domin alƙali zai iya yin shafi goma bai sake ambaton suna ba.

Sukotilan tata hanyar daban. Can mai ƙara pursuer ne, wanda ake ƙara kuma defender. A sanannar shari'ar nan ta 1932, wadda May Donoghue ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo, David Stevenson mai kamfanin lemon shi ne defender.

In kuma ka ci karo da John Doe ko Jane Doe a takardar Amurka, kada ka wahalar da kanka da neman hotonsu a intanet, kamar yadda na taɓa ɓata rabin awa ina yi. Suna ne na aro da ake laƙaba wa wanda ba a san sunansa ba, ko wanda kotu ta yarda a sakaya. Ka rubuta "wani mutum da ba a bayyana sunansa ba", ka wuce layi na gaba.