Kurakuran da ake yi idan aka bar linzami aka koma tirakbol

Tirakbol dai linzamin kwamfuta ne da ba ya motsi. Yana zaune wuri ɗaya, kai ne za ka riƙa murza ƙwallon da ke jikinsa, kibiya ta yi tafiya a fuskar kwamfuta. Ya ma girmi linzamin da muka saba da shi, don tun 1946 wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ya ƙera irinsa a Ingila saboda aikin rada na sojan ruwa. Duk da haka mutane da dama sukan saya da zumuɗi, bayan kwana uku ka tarar da shi cikin durowa.

Matsalar takan faro tun wurin saye. Iri biyu ne. Akwai na babban yatsa, kamar Logitech M575 da MX Ergo, masu ƙaramin ƙwallo mai faɗin milimita 34 a gefe. Akwai kuma wanda ake murzawa da manuniya da yatsan tsakiya, kamar Kensington Expert Mouse mai ƙwallon milimita 55. Na babban yatsa ya fi saurin sabo, tunda kamunsa ɗaya da linzami. Amma idan dama gindin babban yatsanka ne ke ciwo, wataƙila saboda yawan latsa waya, ka ɗora masa duk aikin yini, to an gudu ba a tsira ba. Bahago kuma ya lura, M575 na hannun dama ne kawai, Expert Mouse kuwa kowane hannu yana ɗauka.

Sai gaggawar yanke hukunci. Ranar farko za ka kama kanka kana ture na'urar gaba ɗaya a kan tebur, kibiya ko gezau. Hannu ne bai manta ba. Inda ake kuskure shi ne barin tsohon linzami a gefe, da an ɗan sha wuya a miƙa masa hannu. Ni shawarata a kai shi wani ɗaki na mako biyu. Kada dai ka fara a makon da oga ke jiran aiki.

Abin da ya fi korar mutane shi ne saiti, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Gudun da ka saita wa linzami ba zai dace da ƙwallo ba. Idan ya yi yawa, kibiya ta riƙa wuce abin da kake nufi. Idan ya yi kaɗan, ka yi ta murza kamar mai kaɗa furar biki. Ka rage gudun, sannan a Windows ka kunna Enhance pointer precision. Amfaninsa shi ne idan ka murza a hankali kibiya ta taka a hankali, idan ka fizga ta yi tsalle mai nisa. Masu wasannin harbi sukan kashe shi a linzami, shi ya sa wasu ke ɗauka ba shi da kyau, alhali a tirakbol yana taimakawa ƙwarai. Ka kuma koyi wulla ƙwallon ka sake shi ya juya da kansa, ka tsayar da shi da yatsa idan kibiya ta iso. Da manyan ƙwallaye wannan ya fi daɗi.

Jan fayil daga wuri zuwa wuri shi ma yana ba da haushi, don danne maɓalli da murza ƙwallo lokaci ɗaya yana sa hannu ya ƙage. Kunna ClickLock a saitin linzami na Windows: ka ɗan danne, ka saki, abin ya ci gaba da bin kibiya har ka sake latsawa.

Zama ma da nasa. Expert Mouse yana da tudu, idan ka kafa wuyan hannu a tebur sai ya lanƙwashe sama. Matashin ɗora wuyan hannu da ke zuwa cikin kwalinsa ba ado ba ne. Ciwon da ya ƙi tafiya ko yatsu suka fara mutuwa, wannan na likita ne, sauya na'ura ba zai wadatar ba.

Daga nan sai datti. Ƙwallon yana zaune ne a kan 'yan ƙananan duwatsu uku, nan gumi da ƙura ke taruwa su yi dunƙule. Da hunturu, ko mako ba a yi sai ka ji yana cijewa, wani har ya ce ya lalace. M575 yana da rami a ƙasa, sa yatsa ka turo ƙwallon. Ramin MX Ergo ƙarami ne, sai da gindin biro. Na Kensington ɗaga shi kawai za ka yi. Goge duwatsun da tagar firikwensin, wato idon da ke karanta motsin ƙwallon, da busasshen ƙyalle. Kada ka zuba masa man gyaɗa ko basilin, ƙura za su ƙara kamawa. Idan ka wanke ƙwallon da sabulu ya koma yana turjiya, murza shi a tafin hannu ko a gefen hancinka, ɗan maiƙon fata ya ishe shi.