Yadda na gyara alayyahon da muka shuka da yara a buhu

Alhamdulillahi abun ya gyaru. Alayyahon da muka shuka da yara a buhunan siminti nan tsakar gida, zai fito da kyau sai kawai ganyen ya koma ruwan ɗorawa ya langaɓe, har yaran sun fara gudun ban ruwa. Na ƙara ruwa ba canji, maƙwabciyata tace yunwar taki ce, na barbaɗa NPK nan ma shiru. Sai da na zazzage buhu ɗaya naga ƙasar ta jiƙe jagab tana wari, saiwa ta ruɓe, ashe ruwa ne ke kwanciya.

To ga abinda nayi. Na gasa ƙusa a wuta na huhhuda gindin buhunan da gefe, na haɗa ƙasa kwano 2, yashi 1, busasshen kashin awaki da ya daɗe 1 (ɗanye ƙona shuka yake), na ɗora buhunan kan bulo inda rana ke samunsu, muka sake yafa iri. Ban ruwa kuma sai yaro ya cusa yatsa tukun, in da danshi a bari. Alayyahu dama wajen wata ɗaya ya isa yanka, yanzu Auta da baya cin ganye shi ke neman ƙarin fate wai nashi ne.