Kurakuran da ake yi wajen neman amsa a takardun CSS

Wani ƙanena da ke koyon tsara shafukan intanet a Agege ya kawo mini kwamfutarsa, wai vertical-align, siffar CSS (harshen ƙawata shafi) mai daidaita abu sama ko ƙasa, ya ƙi aiki a kan div, wato akwatin da ake zuba abubuwa a shafi, kwana biyu yana fama. Na ce, "Ka duba takardar W3C?" Ya ce, "Wallahi Yaya, har sau uku."

Ya duba takardar W3C ɗin kuwa, wato ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin CSS, sai dai ya tsallake ɗan teburin da ke saman bayanin, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani. Kowace siffa ta CSS tana da irin wannan tebur: a kan me take aiki, wace ƙima take ɗauka idan ba a ba ta komai ba, ko ana gadonta. Da ya karanta, da ya ga vertical-align na abubuwan da ke cikin layin rubutu ne da gidajen tebur. Div ɗinsa flex yake so, wato tsarin CSS na jera abubuwa cikin akwati.

A teburin nan ne kuma za ka ga cewa padding-top (tazarar sama ta cikin akwati) na kashi 10 da faɗin akwatin da ya ƙunshe shi ake lissafa shi, ba da tsayinsa ba. Ni ma sai da wannan ya ba ni wahala.

Sai ɗauko tsohon zance. CSS 2.1 ya kammala ne a 2011, sigogin da suka biyo bayansa kuma an rarraba su kashi-kashi, Flexbox da takardarsa, Grid da tasa. Wanda ya karanta a 2.1 cewa z-index (mai tsara wane abu zai hau kan wane) sai an sa position yake aiki bai yi ƙarya ba, amma abubuwan da ke kai tsaye cikin akwatin flex ko grid ba sa buƙatar hakan. Kafin ka kafa hujja, duba shekarar da ke saman takardar, ka ga ko daftari ce ko an amince da ita. Na HTML (harshen gina shafi) kuma, tun 2019 takardar ƙungiyar WHATWG ake bi.

Wasu kuma da sun ga abu a takarda sai su ɗauka kowace burauza ta san shi. Takardun nan domin masu ƙera burauza aka fi rubuta su. Mai shago a Mile 12 da ya ba ka aiki, kwastomominsa da yawa a ƙaramar waya za su buɗe shafin, wasu ma da Opera Mini don tattalin data. Duba caniuse, shafin da ke nuna wace burauza ta san wace siffa, sannan ka ari wayar maƙwabci ka gwada.