Yadda ake haɗa magasar da zafin wutarta ke juya kaza

Duk wanda ya taɓa gasa kaza a kan garwashi ya san wahalar tana wajen juyi. Ka ɗauke ido kaɗan, gefe ɗaya ya ƙone, ɗayan kuma da sauran jini. Akwai injin juyi mai aiki da lantarki, sai dai a unguwar da ake wuni babu wuta amfaninsa kaɗan ne. Ga shi kuwa wutar gashin kanta tana tura iska mai zafi sama ba fasawa, kuma wannan iskar tana iya juya farfela.

Dabarar tsohuwa ce. Leonardo da Vinci, mai zanen nan ɗan Italiya, ya zana irin wannan na'ura, farfela a cikin bututun hayaƙi tana juya tsinken gashi. A 1551 Taƙiyyuddin, masanin nan haifaffen Dimashƙa, ya bayyana wata mai kama da ita wadda tururin ruwa ke kaɗa farfelarta. A Ingila manyan gidaje sun daɗe suna amfani da ta hayaƙin, wasu kuma kare suke sakawa cikin gargare yana gudu yana juya naman.

Tun daga farko ka san cewa ƙarfin iskar nan kaɗan ne ƙwarai. Kaza ɗaya ko biyu za ta juya, ragon layya kuwa ya fi ƙarfinta. Saboda haka duk aikin da za ka yi, na rage gogayya ne da daidaita nauyi.

Fara da murhun. Samo ganga ta ƙarfe wadda ka tabbatar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ba, a yanke mata baki mai faɗi a gefe, a sa raga a ƙasa domin iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashin wuta. A samanta mai walda ya dasa bututu mai faɗin kamar santimita 25 zuwa 30, tsawonsa kusan mita 2. Tsawon nan shi ke jawo iska. Gajeren bututu ba ya ja sosai. Kada a yi amfani da kwanon rufi mai farin shafe, domin idan ya ɗauki zafi sosai yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Baƙin ƙarfe za a nema.

Sai farfela. A yanko faifai daga langalanga mara nauyi, ya kusa cika faɗin bututun, a bar tazarar yatsa ɗaya kewaye. A tsaga shi gida 8 daga baki zuwa kusa da tsakiya, a murɗa kowane kunne gefe guda, karkatar kowanne daidai da ta ɗan'uwansa. A soke shi a jikin siririn rodi miƙaƙƙe da zai tsaya a tsaye a tsakiyar bututun. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: sai su sa boris a cikin hayaƙi, giris ya narke, toka ta shiga, abu ya cije. Abin da ya fi shi ne a fere gindin rodin ya yi tsini, ya zauna cikin ɗan gurbi a kan ƙarfen da aka gitta cikin bututun, ya riƙa juyawa a kan tsininsa.

Kafin a ƙara komai, kunna wuta ka gwada. Ɗiga fenti a kan rodin ka ƙirga juyi nawa yake yi a minti ɗaya. Idan farfela ita kaɗai ba ta gudu sosai, babu amfanin ci gaba. Ƙara tsawon bututu ko ka gyara karkatar kunnuwan. Harshen wutar itace ya fi garwashi jan iska, don haka ajiye busasshen ice a kusa.

Yanzu sai rage gudu. Kaza tana buƙatar juyi 3 zuwa 5 a minti. Idan farfelarka na yin 200, kana son 4, dole a rage gudun sau 50, kuma ragewar nan ce ke mayar da gudu ya zama ƙarfi. Wajen 'yan gwangwan za ka samu tsohon injin waifa na mota. A cikinsa akwai ƙarfe mai zare irin na noti wanda ke tura faifai mai haƙora. Yawanci juyi ɗaya haƙori ɗaya, don haka ƙirga haƙoran ka san yawan ragewar. A cire maganaɗisun da ke ciki da gawayin injin domin ya saki jiki, a wanke tsohon giris da kananzir, a ɗiga mai mara kauri. A yi wa bututun hula yadda hayaƙi zai fita ta gefe, a ɗora injin a bisa hular, a haɗa shi da kan rodin. Faifan nan galibi na roba ne, saboda haka idan hannu ba ya iya jure zafin wurin, a ƙara ɗaga shi.

Daga injin a miƙo sanda zuwa gefen ganga, a sa mata ƙaramin faifan haƙora na keke, a sa babba a ƙarshen tsinken gashi, a haɗa su da kaca, wannan ma zai ƙara rage gudun. Za ka buƙaci kacar keke kamar huɗu a haɗe. Kada ta yi tauri. A bar ta da ɗan sako-sako.

Tsinken ya zauna a gaban bakin ganga, a kan ƙafafu biyu masu gurbi, wuta tana bayansa. Ta haka maiƙo zai ɗiga cikin tire a ƙasa maimakon ya faɗa wuta ya tayar da harshe, kai kuma ka riƙa ɗibarsa kana shafa wa naman.

Wajen soke kazar ka ba da lokaci. Tsinke ya ratsa tsakiyarta, ƙugiya biyu su kama ta gaba da baya, a ɗaure fukafukai da ƙafafu da zaren auduga ko waya. Kafin ka sa kaca, juya tsinken da hannu ka saki. Idan kullum ƙirjin ne ke komawa ƙasa, nauyi bai daidaita ba, kuma farfela za ta tsaya duk lokacin da ta zo ɗaga wannan gefen. Sake sokewa, ko ka ɗaura ɗan ƙarfe a ɗaya gefen, har sai tsinken ya tsaya duk inda ka bar shi.

Idan gashi ya kankama ka ga juyi yana raguwa, jefa ice biyu ya dawo. Kazar ta nuna idan ka soki cinya ruwa ya fito garau babu ja, ko ma'aunin zafi ya nuna digiri 74 na Celsius a cikin tsokar. A yi wannan aiki a fili inda iska ke kaɗawa, a nisanta yara da bututun. Bayan kowane gashi, idan ƙarfe ya huce, a zare farfela a kankare kunkunniyar da ta taru a kunnuwanta, domin nauyinta kaɗai ya isa ya hana ta tashi a gashi na gaba.