Yadda za ka halarci taron masu rubuta manhaja ba tare da ka tatuke aljihunka ba

Matasa da yawa masu koyon rubuta manhaja a Kano ko Zariya ko Maraɗi, da sun ji an ce taro, sai hankalinsu ya tafi kan babban otal da tikitin dala. Akwai irin waɗannan tarukan, amma ba su nake nufi ba. Tarukan da masu sana'ar ke shirya wa junansu, 'yan sa-kai ne ke ɗawainiyarsu, wasu ma ko sisi ba a karɓa a ƙofa. Abin da ke cinye kuɗi shi ne mota da masauki da abinci, a nan kuwa dabara take aiki.

Mataki na farko: zaɓi taron da ƙafarka za ta kai

Fara da na kusa. Rassan Google Developer Groups, ƙungiyoyin masu rubuta manhaja da Google ke mara wa baya, suna shirya taron DevFest kowace shekara, galibi a watannin ƙarshe, kuma ana yi a Kano da Kaduna da Abuja, ba Legas kaɗai ba. Da yawa daga cikinsu kyauta ne ko kuɗi kaɗan, sai dai dole ka yi rajista da wuri. Ka je ka dawo gida a rana guda, babu zancen masauki.

In ka saba, sai ka ɗaga kai. Akwai PyCon Nigeria na masu aiki da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja. Akwai bikin da Open Source Community Africa ta fara a Legas a 2020, na masu aiki kan manhajojin da kowa ke da damar dubawa da gyarawa. An yi PyCon Africa na farko a Accra a 2019, DjangoCon Africa na farko kuma, na masu gina shafukan intanet da Django, a Zanzibar a 2023.

Taron FOSDEM na birnin Brussels a Beljiyam, shi ma na masu aiki kan manhajojin da kowa ke da damar gyarawa, wanda ake yi a harabar jami'ar ULB wajajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kyauta ne, ko rajista ba a yi. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Kuɗin neman bizar Schengen kaɗai, wato bizar da ake shiga Beljiyam da ita, yuro 90 ne tun 2024, kuma ba a mayar maka ko an hana ka, ga jirgi, ga masauki a tsakiyar hunturu. Ana yaɗa jawabansa kai tsaye ta intanet, a kuma ajiye bidiyon. A ganina, mai farawa ya kalle shi daga gida ya fi masa.

Mataki na biyu: nemi tallafi, ka kuma nemi yin jawabi

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma yana damuna. Yawancin tarukan PyCon da DjangoCon suna ware kuɗin tallafi ga wanda ba shi da hali: tikiti kyauta, wani lokaci har da kuɗin mota da ɗaki. Ana buɗe neman watanni kafin taron, a rufe da wuri. Wasu kunya ke hana su, suna ganin kamar roƙo ne. Ba roƙo ba ne, don irinka aka ware kuɗin, kuma masu shirya taron suna son ganin fuskokin da ba su saba gani ba.

Da ka zo cike fom ɗin, bar dogon yabo. Faɗi abin da kake ginawa, ko da ƙaramar manhajar rubuta bashin kanti ce, ka sa adireshinta na GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Faɗi abin da za ka yi in ka dawo, misali ka tara ɗaliban sashenku ka koya musu abin da ka gani. Sannan ka rubuta lissafi na gaskiya: kuɗin mota zuwa da dawowa kaza, kwana uku kaza, ni zan iya ɗaukar kaza. Wanda ya nemi rabin kuɗi da hujja yakan fi wanda ya nemi komai babu bayani samun shiga. Ka kuma tambaya ko za a ba ka kuɗin kafin tafiya ne ko sai ka kashe naka a mayar maka, don wasu sai bayan taro suke biya.

Hanya ta biyu ita ce tura taken jawabi idan aka yi kiran masu magana, abin da za ka ga an rubuta CFP. A taruka da dama mai jawabi ba ya sayen tikiti. Ba sai ka zama gwani ba. Yadda ka sa manhajarka ta karɓi haruffa masu lanƙwasa kamar ɗ da ƙ da ɓ wajen bincike, ko yadda ka sa ta yi aiki inda sabis ke ɗaukewa, abu ne da mutumin Nairobi zai saurara da kunne biyu. In jawabi ya yi maka nauyi, shiga cikin 'yan sa-kai masu rajista da raba kati.

Idan duk ba a dace ba, sayi tikitin farko mai rahusa ko na ɗalibai ranar da aka buɗe. In kana sammako, wani a tafe ya kwana.

'Yan'uwa mata, ku duba ƙungiyoyin PyLadies da Women Techmakers da She Code Africa, sukan sanar da guraben da aka keɓe muku.

Mataki na uku: mota da masauki

Ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaki ɗaya. A Legas, ɗaki mai arha da ke nesa da wurin taro tsada ne, domin cunkoso zai cinye safiyarka da kuɗin motarka. Kafin ka amince ka sauka wajen ɗan'uwa a Agege, duba taswira ka ga nisan. A Accra kuwa, idan a Jami'ar Ghana da ke Legon ake taron, unguwar Madina tana kusa, akwai Hausawa da masallatai da abincin da ka sani. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya buƙatar bizar Ghana, amma riƙe katin rigakafin shawara.

Ka isa kwana ɗaya kafin a fara, ka guji tafiyar dare.

Mataki na huɗu: shirya jaka

Sauke duk abin da za a yi aiki da shi a kwamfutarka tun daga gida, domin da mutum ɗari sun hau intanet ɗin zaure ɗaya, shi ke nan ya durƙushe. Sa data a wayarka. Ɗauki caja, fawa bank, da soket mai baki da yawa. Wannan na ƙarshen zai samo maka abokai kafin azahar.

Mataki na biyar: a wurin taron

Kada ka ce sai ka shiga kowane jawabi, yawancinsu za su hau YouTube. Zaɓi biyu ko uku a rana, sauran lokacin ka tsaya a farfajiya da layin abinci. Kada ka manne wa waɗanda kuka zo tare. Ka je wurin wanda ya gama jawabi ka ce, sunana wane, daga Kano nake, ina aiki da Django, na gwada abin da ka faɗa ya ƙi, ga inda ya tsaya. Buɗe kwamfutar ka nuna masa kuskuren a allo. Sau da yawa za ka ga ya ja kujera ya zauna.

Idan akwai ranar da ake zama a gyara manhaja tare, kada ka tafi kafin ita. A nan ne mai kula da aikin zai zauna kusa da kai har ka tura gyaranka na farko. Tun da safe ka tambayi masu shiri inda ake salla, musamman in taron ya haɗa da Juma'a.

Mataki na shida: bayan ka dawo

Cikin mako guda ka aika wa duk wanda kuka yi magana gajeren saƙo, ka tuna masa abin da kuka tattauna. Cika alƙawarin da ka rubuta a fom. In da tallafi ka je, ɗauki hoton kowane rasit, har da na tashar mota, ka tura kafin wa'adin da aka sa ya cika.