Yadda dattijo zai farfaɗo da tsohon kekensa na Raleigh

Keken Raleigh ƙirar Ingila da ya shekara da shekaru a jingine cikin zaure ya fi buƙatar mai a kan sabon fenti. A kwance sarƙa, a jiƙa ta cikin kananzir dare guda, sannan a goge ta da tsohon buroshi. A buɗe cibiyar ƙafafu, a sauya duk boris ɗin da ya yi tsatsa, a sa giris. Tayoyi da robar birki kuwa a sayi sababbi, domin roba tana bushewa ko ba a hau ba. Sirdin fata, wanda ni dai na fi jin daɗinsa, a daidaita shi yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kawai idan feda ta kai ƙasa, saboda gwiwar dattijo ba ta jure matsi.